Ranar da Ruwa Ya Sauya Hannu

Zuwa ga Mero 'yar Liman, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko na damina da ƙamshin ƙasar da ya sauka a kanta, sanyin randata, farin watan da nake duba hanya da shi. Amincin Allah ya lulluɓe ki a kan gadon nan da kike kwance, ya lulluɓe hannun da zai miƙa miki wannan takarda.

A shekarar da aka sauya hannu na fara ganinki, shekarar da gwamnati ta ce duk abin da ke tafiya a kan titi ya bar hagu ya koma dama. Tsofaffin Wudil har yau da ita suke auna shekarun 'ya'yansu: wane kafin sauyin hannu aka haife shi, wance bayansa. Ni kuwa da ita nake auna rayuwata gaba ɗaya. Kada ki firgita da wannan rubutu mai kama da sawun kaza a kan laka, Mero. Kada ki ce wane baƙo ne yake yi miki irin wannan magana babu kunya. Ni ne Ɗantani mai gyaran keke na bakin gadar Wudil. Ni ne mijinki. Ban taɓa zama gaban wani malami ba, na allo ko na boko. Ke kika koya mini baƙi da wasali bayan an kawo ki ɗakina, a kan tsohon allon ƙanenki, kina buga mini tsinke a yatsa in na karkace. In kin ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya, to laifin malamata ne, ta cika sassauci.

Kina Dubai, hasken idona. Na san ba ki san haka ba. Mun zo ganin autanmu Shu'aibu ne, da matarsa Sa'adiya ta haihu, da niyyar mu ci suna mu koma. Sai cutar nan korona ta rufe sama, jirage suka kwanta a ƙasa kamar kaji masu mura, muka maƙale a filat ɗinsu na Hor Al Anz har zafin wannan ƙasa ya same mu. Yanzu kina asibiti, ni ina waje, kuma ba a barin kowa ya shiga. Wannan shi ne inda muke. Abin da nake tsoro kuwa ɗaya ne tak, kuma zan faɗa miki shi ba tare da kewaye ba: kada a buɗe ƙofar nan in shigo, ki dube ni, ki ga baƙo.

Bari in ba ki labarin, kamar yadda nake ba ki shi kowace safiya. Ranar da dokar ta fara aiki, 'yan sanda sun cika bakin gada da usur, rediyo tana ta shela. Ni kuwa na ce hagu na gada, hagu ubana ya bi da jakinsa, babu wani mai kaki da zai koya wa ƙafata sabuwar hanya. Na hau kekena da taƙama, hula a karkace, sai ga gingimari cike da buhunan gyaɗa ta fito mini gaba da gaba, a hannun da doka ta ba ta. Na murɗe kai, birki ya ƙi ci, na gangara ta gefen gada ina ta buga ƙararrawa kamar ita ce za ta tsayar da ni, har na faɗa tsakiyar wankin da aka shanya a kan rairayi. Na tashi da zanen mahaifiyarki a wuya, rairayi cike da bakina. Sauran 'yan matan suka watse da ihu. Ke ba ki motsa ba. Kika riƙe ƙugu, kumfar sabulu har gwiwar hannu, kika ce, "Mai keke, duk duniya ta koma dama, kai kaɗai za ka riƙe mana hagu?" Wayyo, Mero! Idanunki a ranar kamar ruwan kogi ne da hantsi, mai haske har ana ganin tsakuwar ƙasa. Wa zai faɗa irin wannan ruwa ya nemi fita? Ni dai ban fito ba har yau.

Daga ranar ƙararrawar ta zama bakina. Liman ba ya barin samari su yi tsaye a zaurensa, sai in bi ta bayan katanga in buga ta, ke kuma ki amsa da buga taɓarya a gefen turmi, ƙwas, kamar kuskure. Keken nan ya daɗe da mutuwa, an bi shi da wasu sun mutu, amma ƙararrawar tana sauka daga wannan ta hau wancan. Da za mu taho ma kwance ta na yi na sa a aljihu. A filin jirgi injinsu ya yi ta kuka, wani yaro mai kaki ya ce in bar ta a nan. Na ce to sai dai in zauna tare da ita, jirgin ya tafi lafiya. Ya dube ni, ya dube ki, ya miƙo mini abata.

Ban ɗauko ta don ado ba. Tun da mantuwa ta fara shigo miki kamar gara, tana cin sunaye daga ciki tana barin ɓawo, ƙararrawar ce kaɗai ba ta iya ci ba. Kowace safiya in na idar da asuba sai in buga ta a bakin ƙofa, ki ɗago kai ki ce, "Mai keke, ka zo?" Daga nan in zauna a gefenki in shimfiɗa miki duniyarki kamar tabarma: sunanki, sunan 'ya'yanki, waɗanda ke raye, waɗanda suka riga mu. Ni ne rumbunki, Mero. Abin da ya zube daga kanki da daddare, ni nake tsince shi in mayar da safe. In na gama sai ki karɓi koko daga hannuna, don ba kya cin abin hannun wanda ba ki sani ba. Haka Liman ya raine ki, mantuwa ta cinye abubuwa da yawa amma ta bar wannan tsaye kamar dirka.

Kin tuna hutun da muka yi a bakin ruwa? Kada ki wahalar da kanki, zan tuna mana. Da aka janye dokar kulle, Shu'aibu ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya ce iyayensa sun ruɓe a ɗaki, sai sun sha iska. Yana da wani keke siriri kamar sauro, da wando mai matse cinya kamar fatar tarwaɗa, da hular kwano. Ni na ce ba zan hau abin da in na zauna zai shige mini ba. Sai Braimah mai gadin benen, mutumin Zangon Kumasi, wanda Hausarsa take rangaji kamar kwalekwale, ya fito mini da nasa daga ƙarƙashin matakala: baƙi, mai nauyi, mai kariya a baya, irin namu na gida. Sarƙarsa tana kukan mai. Na zauna a ƙasa na yi masa wanka, na ɗaure ƙafarsa, na ɗora masa ƙararrawarmu. Kafin rana ta yi ƙarfi mukan gangara bakin Khor, ruwan nan da ya raba garin biyu. Ki zauna a baya a karkace, ƙafafu gefe ɗaya, takunkumi a fuska, hannunki damƙe da rigata. Shu'aibu yana bin mu a kan sauronsa yana ta kira, "Baba, shwaiya-shwaiya, a hankali don Allah! Baba, hular!" Ni kuwa na ce kan da ya gangara gadar Wudil bai fashe ba, ba zai soma kifa tasa da tsufa ba.

Kai, waɗannan safiyoyi! Manyan jiragen katako jere a gaɓa, an lafta musu firiji da tayoyi da buhunan shinkafa, ƙananan kwalekwale masu inji suna ta kai mutane suna dawo da su, iska tana warin gishiri da baƙin mai. Indiyawa masu lodi suna ɗaga mana hannu suna dariya, tsoho da tsohuwa a keke ɗaya. Wata safiya kika matso bakinki kusa da kunnena kika ce, "Mai keke, yaushe aka yi wa Wudil benaye haka? Ka taka a hankali, kada Baba ya hango mu." Ban gyara miki ba. Me zan gyara? A safiyar nan ke budurwa ce, ni saurayi, gwiwata ta manta ciwonta, numfashinki yana sauka a wuyana kamar iskar da ke zuwa gaban hadari. Da an ce in taka keken nan har ƙarshen ƙasa da na taka.

Sai zazzaɓi ya zo, tari ya biyo shi. Wasu mutane suka shigo sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, kamar masu ɗiban zuma, suka ɗauke ki a kan gado mai ƙafa. Kina kallona kina cewa ina za a kai ki, ni kuwa an tare ni a bakin lif, an ce in koma. Tun ranar da aka kawo ki ɗakina, duk asibitin da kika taɓa zuwa a bayan kekena kika je, haihuwa ko jinya. Wannan karon ne kaɗai aka tafi da ke ina tsaye hannu sake.

An ce zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi, amma ba za a sake ki ba sai gwaji ya fito fes. Allah ya sa Hamidatu, ƙanwar Braimah, ita ce mai share ɗakin da kike. Ita kaɗai ce mai Hausa a duk benen, ita ce za ta ba ki wannan takarda. Ita take gaya mana halin da kike ciki, kuma ba ta iya ƙarya ba. Ta ce kina jan mayafi ki juya wa bango, kina kiran Umma. Ta ce duk abincin da aka kawo haka ake mayar da shi, sai ruwan da ake ɗura miki ta hannu. Ta ce zoben azurfarki yanzu yawo yake a yatsa. Ina rumbunki, Mero? Ga shi nan cike, a wani bene daban, an hana shi zuwa!

Ran nan Hamidatu ta kanga miki waya a fuska don mu ga juna. Na gyara hula, na matso, na ce, "Mero, ni ne." Kika dube ni tsawon lokaci. Sai kika ja mayafi har kan hanci, kika ce wa Hamidatu, "Yarinya, wane ne wannan tsohon? Ki ce masa Baba ba ya nan." Na yi sauri na kawo ƙararrawa na buga a bakin wayar, na sake bugawa. Ko gira ba ki ɗaga ba. Shu'aibu ya tashi ya shige banɗaki ya saki famfo don kada mu ji shi. Ni kuwa na ɗaga murya na ce laifin waya ne, waya tana matse murya ta mai da ita kukan gwangwani, wannan ba muryar ƙararrawata ba ce. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita, don kada in ji abin da zuciyata take raɗa mini: in kuma ba wayar ba ce fa? In garar ta kai ga dirka fa?

Na ce a kai ni bakin asibitin in buga ta da kaina. Shu'aibu ya ce, "Baba, khalas, maganar ta ƙare. Ba sa barin kowa, kuma ranar nan kisa take." Kin san ni. Jiya da ya koma aiki, Sa'adiya tana ɗaki tana shayar da jaririya, na sulale na ɗauki keken. Ban ɗauki waya ba, ni da ban taɓa yarda in riƙe ta ba. Abin da na sani kawai, Hamidatu ta ce asibitin yana bakin ruwa, mai koren gilashi. Na ce mutumin da aka haifa a bakin kogi ba ya ɓata a bakin kogi. Da na isa gaɓa na yi abin da kowane ɗan Wudil zai yi: na tsinci busasshen ganyen dabino na jefa a ruwa, na ga inda ya nufa. Na ce to madalla, zan tafi ina fuskantar ruwa, in dawo ina bin sa.

Mero, ranar ƙasar nan ba daga sama kaɗai take duka ba. Tana tasowa daga kwalta, tana fitowa daga bango, iskar ma jiƙaƙƙiya ce kamar tururin tukunya. Kuma duk benayen bakin ruwan koren gilashi ne da su! Duk wanda na isa sai in tsaya a gindinsa in buga ƙararrawa in ɗaga kai, babu tagar da ta buɗe. Wani mai gadi ya kore ni da hannu kamar akuya. Na yi azahar a wani masallaci, aka ce a fita za a rufe, na zagaya bayansa na zauna a inuwar bango, kaina yana juyawa, har la'asar ta same ni a nan. Na ce yau kam ban dace ba, in koma gida. Na fito bakin ruwa, na sake jefa ganye, na bi shi. Zuciyata ta ce, Ɗantani, da kana zuwa ruwa yana damanka, yanzu da kake komawa ai a hagu ya kamata ya kasance, me ya sa har yanzu yake dama? Na ce mata ta yi shiru, rana ce ta dafa ta. Hannu yana iya ruɗewa, gwamnati ma ta taɓa sauya shi. Amma tun da Allah ya shimfiɗa ƙasa, wa ya taɓa ganin kogi ya koma inda ya fito?

Na taka, na taka, ina jiran in ga jiragen katakon da muka saba, ban gan su ba. Sai katangar ƙarfe da kwantenoni da hanyar da ban taɓa bi ba. Na jingine keken na zube a gefen titi. Wani mutum mai hular leda ya sunkuyo yana tambayata da hannu da baki, ina gida, ina gida? Na buɗe baki in faɗi sunan unguwar, babu. Na ce to in faɗi sunan ɗana. Mero, na laluba, babu! Autanmu, wanda na yi wa huɗuba da bakina, wanda na koya wa keke a rairayin nan da na faɗa! Ina ganin fuskarsa, sunan kuwa ya nutse kamar dutse a rijiya. Ni da ake turo yara wurina daga unguwanni a tambaye ni shekarar da aka yi kaza, ni da na san kakan kowa a bakin gada! Na duba cikin kaina na ga ɗaki shararre, an kwashe komai, suna ɗaya ne kawai a tsaye a tsakiya. Naki. Shi na yi ta kira kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

Kiran nan ne ya cece ni. Wani mai lodin kayan jirgi, Ado, ɗan Damagaram, yana wucewa ya ji. Ya ce, "Kai! Hausa nake ji? Tsoho, me ya fito da kai cikin wutar nan, gasa kanka ka zo yi?" Ya kwarara mini ruwan sanyi a ka, ya ɗura mini nono mai gishiri. Da na dawo hayyacina na ce masa ruwa na bi, ruwa kuwa ba ya ƙarya. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce da guntun Faransancinsu, "Bon, Baba, wannan ba kogi ba ne, harshen teku ne. Ya lasa ciki, ya janye, ya sake lasa. In ka bi shi, yini za ku yi kuna kai da komo." Ya juya keken ya ga lambar wayar da Braimah ya rubuta da fenti a ƙarƙashin sirdi, ya kira. Da Shu'aibu ya iso na shirya jin faɗa. Sai ya durƙusa a kan kwalta mai zafi ya riƙe ƙafata. A nan sunansa ya taso mini, na kira shi, na sake kira, har ya ce, "Na'am Baba, ina nan, ya isa."

Ashe haka ne, Mero? Ashe haka kike tashi kowace safiya, ruwan da kika sani yana gudu baibai, fuskoki suna sunkuyo miki suna tambaya da yaren da ba ki ji, ki laluba ki ji wayam? Ni na yi ɗan lokaci kaɗan a wannan ɗaki na kusa mutuwa don tsoro. Ke kuwa a ciki kike kwana, a ciki kike tashi, kuma duk da haka in na buga ƙararrawa murmushi kike yi! Wace irin zuciya Allah ya sa miki a ƙirji, ya kurciyata, ya gawon da ke fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar? Yanzu kuma ga ki can ba ƙararrawa, ba mai shimfiɗa tabarma, kin yi kwana da kwanaki a wannan ɗaki ke kaɗai.

Kuma wani sabon tsoro ya shige ni wanda ban taɓa sani ba. Likitan da Shu'aibu ya kai ni wurinsa ya ce rana ce kawai, in sha ruwa in huta. To, na ji. Amma na ga rumbun ya buɗe ƙasa da idona. In nawa kan ya bi naki, wa zai riƙe mu? Wa zai san an taɓa yin wata yarinya mai kumfa har gwiwar hannu? 'Ya'yanmu sun san mu tsofaffi ne kawai. Shi ya sa na roƙi Sa'adiya takarda na zauna tun hantsi ina fama da alƙalami kamar mai noma a fako, don abin ya sami wurin zama na biyu. Na san sunaye suna gudu daga kanki, amma karatu bai gudu ba, har yanzu kina bin izu da yatsa ba ki tuntuɓe. To ki karanta. Sunanki Mero. Kina son karfasa, ba kya cin tarwaɗa. Tabon da ke babban yatsanki na hagu sarƙar keke ce ta cije ki ranar da kika ce sai kin taya ni aiki. Umma da kike kira ta daɗe da komawa ga Allah, a kan cinyarki ta cika, tana sa miki albarka, ba ta tafi da fushinki ba. Kina da jika sabuwa mai irin goshinki. Kina da miji mai taurin kai, yana waje, bai tafi ko'ina ba.

Ina roƙonki da girman Allah, ki ci abinci. Hamidatu ba baƙuwa ba ce, ni na aiko ta, hannunta hannuna ne. Ki karɓi ko cokali kaɗan ne, ki haɗiye don ni. Kina so su buɗe ƙofa in tarar da zobe babu yatsa? Me zan koma in yi a Wudil? Wa zan buga wa ƙararrawa? In zauna a bakin gada da rumbu cike, babu mai ci? A'a, Mero. Ban yarda ba. Ban yarda da gwamnati ba a shekarar sauyin hannu, ba zan yarda da wannan ba.

Ga abin da muka shirya. Hamidatu ta ce a ƙarshen barandar benenku akwai taga ɗaya da take buɗewa faɗin tafin hannu, tana kallon wani dabino a inda ake ajiye motoci. Ta roƙi babbar nas, wata 'yar ƙasar Filifin, ta ba ta labarinmu, matar ta share ido ta ce a tura ki can a kujera bayan an gama awon safe. Gobe Juma'a, garin yakan yi shiru, babu ƙarar motar da za ta haɗiye mana murya. Shu'aibu zai kai ni da mota, keken a baya, amma na ce masa daga bakin ƙofar shiga sai ya sauke ni, don ban taɓa zuwa wurinki a kan ƙafar wani ba. Ya ce sai in na sa hular kwano. Na ce kawo. Kin ji, Mero? Zan kifa tasar nan a kan hulata, kowa ya yi dariya. Kuma dama zan bi. Duk duniya ta koma dama, na sakar muku hagun.

Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da asuba, zan goge ƙararrawar da toka har ta yi ƙyalli, in ɗiga mata mai. Zan taka keken nan a hankali har gindin dabino, in sa ƙafa ɗaya a ƙasa, in ɗaga kai, in buga. In kin gane ta, Hamidatu za ta sa miki cokali a hannu, ki buga shi a ƙarfen taga, ƙwas, kamar kuskure. Zan ji. Kunnen da ya ji taɓarya ta bayan katangar Liman zai ji wannan.

In kuwa kin leƙo kin ga wani tsoho da tasa a ka, ba ki san shi ba, kada ki ji tsoro, kada ki ja mayafi. Ki tsaya ki kalle shi kawai. Zai saki keken ya faɗi a gabanki, ya tashi yana kakkaɓe riga, ya gaishe ki da ladabi, ya faɗi sunansa da sana'arsa. Na taɓa nemanki ina baƙo, Liman yana tsaye a ƙofa, kuma na samu. Zan sake daga farko. Jibi ma zan dawo.

Naki shi kaɗai, tun daga shekarar sauyin hannu har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa, ruwa ya yi gabas ko ya yi yamma,

Ɗantani mai keke.